Farin Yadi Mai Shuɗin Zare

Birketiri, Yawunde
27 ga Oktoba, 1974

Zuwa ga Yaya Bilhatu, a Wusasa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ƙafa? An ce mini yanzu sai da sanda, amma bakin yana nan yadda na san shi. Mu nan lafiya lau, mun sha ruwa lafiya, matata Dije tana gaishe ki. Ruwan sama ne kawai ya ƙi ɗaukewa, jar lakar garin nan ta gama da takalmanmu.

Na san za ki ce me ya tuna wa Mu'azu tela da ke bayan shekara tara ba takarda. To kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, kin ƙi kin so ni abokin wasanki ne. Amma yau ba tsiya na zo yi miki ba. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Ɗanki Filibus yana wurina. Yana da rai, yana da lafiya.

Wata huɗu ke nan da wani dogon mutum ya tsaya a ƙofar shagona yana neman aikin guga. Ina jin Hausarsa na ce Bazazzagi ne. Da ya karkatar da kai yana jiran amsa, sai na ga marigayi mijinki Malam Istifanus tsaye a gabana, har kunnuwan. Na kira sunansa. Ya yi kamar zai gudu, na riƙe masa hannu. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Kawu, in ka gaya wa Inna, gobe ba za ka gan ni ba." Na yi shiru wata huɗu. Yau na kasa.

Mu labarin da ya iso mana nan shekara bakwai da suka wuce shi ne Malam ya faɗi a babur, ya kwana biyu ya cika. Sauran daga bakin Filibus na ji. Ya ce jajiberin Kirsimeti ne, shi ya goya uban zuwa ƙauyen da zai yi wa'azi, alhali ya sha burkutu da abokai bai faɗa ba. Ya ce a bakin kabari kin dube shi kin ce, "Yau maza biyu na binne." Washegari ya bar gida. Ya yi Jos, ya tsallaka iyaka ya yi Garwa, ya yi Duwala, har ya faɗo nan.

Ban rubuto don in tuhume ki ba. Ina so ne ki san yadda yake. Giya dai ya rabu da ita shekara huɗu, ni shaida ne a kan watannin nan. Hannunsa a dutsen guga babu na biyunsa a unguwarmu ta Birketiri, alhazai har cewa suke a ba Filibus babbar rigarsu. Yana guga yana rera waƙoƙinku na majami'a can ƙasa-ƙasa, sai ya kai tsakiya ya katse. Ran Lahadi yakan yi wanka ya haura Nkomkana, inda 'yan arewacin ƙasar nan suke da wata ƙaramar majami'a. Na taɓa bin bayansa. Ba ya shiga. A gindin wani mangwaro yake tsayawa a tsallaken hanya har a tashi. Na tambaye shi dalili, ya ce wanda uwarsa ta binne ba ya zama cikin masu rai.

Kada ki taso, kada ki turo masa mutum, zai ɓace mana. Ki rubuto mini abin da zan yi. Ki yi amfani da akwatin gidan waya na maƙwabcina Alhaji Garga, lambar tana bayan ambulan. Nan bwat muke ce masa.

Naki,
Mu'azu


Wusasa
14 ga Nuwamba, 1974

Zuwa ga Mu'azu,

Na gaishe ka da sunan Allah Mai Rai, kai da Dije da yara. Ƙafa da sauƙi. Takardarka ta same ni shekaranjiya. Shekara talatin ina koyar da yara, ban taɓa ganin rubutu mai wuyar karantawa kamar naka na yaƙi da jahilci ba, kuma ban taɓa karanta takarda sau da yawa kamar ta ba. Ka ce in zauna. Ban zauna ba, durƙusawa na yi a tsakar gida, har maƙwabta suka leƙo.

Abin da Filibus ya gaya maka haka yake, bai ƙara mini ko kalma ba. Na faɗa. Kafin a yi kwana bakwai na yi nadama, amma babu wanda zan gaya wa. Tun ranar ina zuwa majami'a, ina miƙa hannu ina karɓar Jibin Ubangiji, ina komawa gida da kunya. Shi ya yi laifinsa cikin maye. Ni da idona biyu na yi nawa.

Bari in koya maka abu ɗaya cikin addininmu, tunda kai ne za ka ɗauki saƙon. Makonni huɗu kafin Kirsimeti mukan kira su lokacin jira. Muna tuna yadda duniya ta daɗe tana jiran Almasihu, kuma da ya zo bai tarar da mutane tsaf-tsaf ba, a cikin dattinsu ya same su, don su ya zo. Malam yakan ce wa mutanen ƙauye, in da sai ka gyaru zai zo, da har yau ana jira.

A gidanmu akwai abin da Malam yake yi duk shekara in lokacin ya gabato. Yakan sayo bandir na farin alawayyo, ya yanka wa kowane namiji na gidan yadi biyar, ni kuma in ɗaura zare a kusurwa don kada su rikice. Nasa ja, na ɗanmu Habila kore, na Filibus shuɗi. Da safiyar Kirsimeti su uku su fita fes cikin fari. Shekarar da ya rasu bai sami sa tasa ba, da ita muka binne shi. Daga nan na ci gaba da sayen yadin. Habila yana ɗinka nasa. Na Filibus nakan yanka, in ɗaura shuɗin zare, in ajiye a akwati. Da na bana, bakwai ke nan.

Mako mai zuwa Mohaman Bello mai fataucin goro zai taso, ya ce zai bi ta Garwa ya shiga sabon jirgin ƙasa daga Ngaundere. Zan ba shi na bana. Ka fara karanta wa Filibus wannan takarda, sa'an nan ka ba shi yadin. Kuma kai nake so ka ɗinka da hannunka, kaftani da wando, ba surfani. In gani ko sunan tela kawai ka tara.

Cikin ƙunshin akwai sabulu da kwalbar turare. Waɗannan na Dije ce, ladan ciyar mini da ɗa. Kada ka sa hannu.

Ka ce masa ba biyu na binne ba. Ka ce ina roƙonsa gafara.

Yayarka,
Bilhatu


Birketiri
3 ga Disamba, 1974

Yaya Bilhatu,

Muna lafiya. Ina fata kuna lafiya.

Na jira amsarki mako biyar, ban ga ko layi ɗaya ba. Jiya Mohaman Bello ya sauka a jirgi ya kawo ƙunshi. Na ce ina takarda? Ya ce babu takarda, cewa kawai kika yi a kai wa Mu'azu, ya san abin da zai yi.

Don murna a kan teburin yanka na kwance shi, a gaban mutane, shago cike da masu ɗinkin Sallah da na Nowel, wato Kirsimeti. Farin alawayyo yadi biyar. Sabulu. Turare. Madina mai ƙosai ce ta fara magana, ta yi salati ta ce, "Malam Mu'azu, wa ya rasu?"

Yaya, shekarata ashirin da shida ina riƙe da almakashi. Duk gawar da aka yi a layinmu ni ake kawo wa yadin in yayyaga. Na san abin da ake haɗa farin alawayyo da sabulu da turare a yi da shi, ke ma 'yar Zazzau ce. In kin ce ba ki yafe ba, da kin yi shiru kawai. Me ya kai ki aiko wa ɗan da kika haifa likkafani yana tsaye da ƙafafunsa?

Filibus ba ya nan lokacin, ya je sayen gawayi. Na tura kayan ƙarƙashin tebur. Amma Birketiri ce, kafin ya dawo labari ya tare shi a hanya. Ya ajiye buhun ya ce, "Kawu, gaskiya ne?" Na ce gaskiya ne. Ya ce in nuna masa, na ƙi, don ban ga amfanin ya gani da idonsa ba. Bai yi kuka ba. Cewa ya yi da ma cikin fari aka sa Baba, daidai ne shi ma a ba shi nasa. Ya gama gugar da ke gabansa duka, ya jera, ya zubar da garwashi, ya ɗauki jakarsa.

An ce mini yana Etudi, kasuwar dabbobi, yana taya masu ragunan layya. An ce kuma in an gama Sallah zai bi wasu zuwa Gabon. In ya tsallaka can, ni da ke mun gama ganinsa.

Ni na jawo, da na karya alkawarin da na yi masa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban iya ɓoyewa ba. Kayanki suna nan, ki faɗi wanda zan ba ya mayar miki.

Mu'azu


Wusasa
15 ga Disamba, 1974

Mu'azu,

Na gaishe ku. Jiya takardarka ta zo. Na gane tawa ta ranar 14 ga watan jiya ba ta same ka ba. Ka je ka fasa bwat ɗin nan naku in ta kama, komai yana ciki.

Da farko haushinka na ji. Na ce ji wannan tela, ya ga sabulun matarsa ya yi mini jana'iza da shi. Daga baya na shimfiɗa abubuwa ukun a raina yadda ka gan su a kan tebur, sai na ga abin da ka gani. A Wusasa aka haife ni, mu da tufafi da akwati muke binne namu, amma na shiga gidajen makoki na dangi a birni ba sau ɗaya ba. Ya kamata in tuna. Sau biyu ke nan ina binne yaron nan, na farko da baki, na biyu da rashin tunani.

Na lissafa kwanaki, na san wannan ba za ta iso ka kafin Kirsimeti ba. Babu abin da zan iya. Yau Lahadi ta uku ta jira, kuma sai bana na san abin da muke yi a makonnin nan. Da nakan ɗauka share gida ne da koyon waƙa. Ashe zama ne hannu wofi, kana dogara da cewa wanda ya ce zai zo ba zai fasa ba.

An ce bana layyarku da Kirsimetinmu kwana ɗaya ne tsakani. Ku za ku tuna ɗan da aka fansa da rago wuƙa tana wuyansa. Mu za mu tuna wanda ya zo ya fanshe mu. Ka roƙa mini a naka wurin, ina roƙo a nawa. Ina jin tsoro, Mu'azu, amma ban fid da rai ba.

Bilhatu


Birketiri
29 ga Disamba, 1974

Zuwa ga Yaya Bilhatu,

Gaisuwa da ban haƙuri. Barka da Kirsimeti, mu ma a yi mana barka da Sallah. Kowa lafiya. Takardarki ta biyu jiya ta zo. Wannan karon ba sai kin zauna ba, amma ki bar ni in faɗa daki-daki, kada ki tsallaka ƙasa.

Alhaji Garga ya tafi aikin hajji tun tsakiyar watan jiya. Makullin bwat ya bar wa ƙanensa Mahmudu, shi kuma ya jefa a aljihu ya tafi Ngaundere sarin raguna, ya yi zamansa. Ni ina ta aikawa gidan ana ce mini ba takarda, ashe ba wanda ya buɗe. Ran Asabar 21 ga wata Mahmudu ya dawo, ya buɗe, sai ga takardarki ta farko a ciki. Ina tsaye a bakin shago na karanta, na kai wurin sabulun Dije, na ji kamar in shige ƙarƙashin keken ɗinki. Na jawo yadin na duba kusurwa. Ga shuɗin zaren nan. Na gan shi tun ranar farko, na ɗauka na 'yan kanti ne.

Ki tuna saura kwana uku Sallah, huɗu Nowel. Kayan mutane har rufi. Na kwashe na kan keke na ba abokan aiki, tawa rigar Sallar ma na jefa gefe. Awo kuwa ban da shi, amma mutumin da na yi wata biyar ina kallon bayansa yana guga ba na bukatar tef. Lahadi na yanka, Litinin da azahar na gama. Kin ce ba surfani, ban yi ba. Aljihu dai na yi mata guda biyu manya, don duk wanda ya gani a Birketiri ya san rigar mai yawo ce. Kusurwar nan mai zare ban yar ba, na kai ta cikin wuya ta ciki.

Da la'asar na hau mota zuwa Etudi. Jajibere, kasuwa ba masaka tsinke. Na same shi riƙe da igiyar raguna uku, ya rame, jakarsa a ɗaure tana jiran tafiya. Ya gan ni da farin abu a hannu, ya kau da kai.

Na ce, "Karɓi, ka duba wuyan."

Ya ce, "Kawu, ka bar ni haka."

Na ce, "Ni na yi kuskuren, ba ita ba. Duba wuyan, in ka ga dama ka jefar."

Ya goge hannu a wando ya juya wuyan rigar. Ya daɗe yana kallon zaren. Sai ya ce, "Nawa ne." Na ce naka ne, kuma akwai shida a akwati. Ya ce, "Shida?" Na ce kowace shekara. Nan ya zauna a ƙasa cikin kashin tumaki, ragunan mutane suka watse, ni da tsufana na bi su. Da na dawo na karanta masa takardarki daga farko har ƙarshe. Wurin da kika ce kina roƙonsa gafara ya ce in sake. Sau uku na karanta masa.

Tare muka koma gida. Ran Talata na je idi da tsohuwar rigata ta bara, Madina tana ta yi mini dariya, tela ba riga. Filibus ne ya riƙe mini ragon na yanka.

Ran Laraba da safe ya goge rigar da kansa ya sa. Na ce zan raka shi. Muka haura Nkomkana, muka kai gindin mangwaron, ya tsaya kamar kullum. Ana ta waƙa a ciki da Fillanci. Na ce masa, "Wurin nan yau nawa ne. Ni ba shiga zan yi ba, kai kuma ba tsayawa za ka yi ba." Ya dube ni, ya dubi ƙofar. Ya tsallaka hanya. A bakin ƙofa wani dattijo ya matsa masa a benci, na ga farar rigar ta zauna cikin mutane. Awa biyu na yi a gindin bishiyar nan ina jan carbi, masu wucewa suna kallona. Can na ji wata murya ta Zazzau cikin masu waƙar, kuma wannan karon ta kai ƙarshe.

Ki yafe mini takardar da na rubuta cikin fushi. Dije ta gode da sabulu, ta ce turaren ma ba na gawa ba ne, ta shafa ran Sallah. Ta ba Mohaman Bello soyayyen nama ya kawo miki. Yanzu faɗi gaskiya, tela ne ni ko ba tela ba?

Ga mai rigar zai sa hannu a ƙasa.

Naki,
Mu'azu

Inna,

Ina gaishe ki. Ni ne ya kamata in roƙa, kin riga ni. Na yafe, ki yafe mini, ki kai ni kabarin Baba in na zo. Na karɓi Jibin Ubangiji ran Laraba. Rigar ta yi mini daidai.

Sauran shidan kada ki ba kowa ya kawo. Ran 8 ga Janairu zan shiga jirgi, da hannuna zan karɓa.

Ɗanki,
Filibus